Layi Uku da Suka Hana Mu Barci a Yalwawa



An ba mu dama mu yi magana a kan wani abu da ya shafi karatunmu, mu kuwa sai muka zaɓi al'amarin da in an hango shi daga nesa za a ce bai kai a tara jama'a dominsa ba. Layi uku ne na rubutun kwamfuta, da gardamar wanne zai riga wanne. Amma fa layukan nan uku sun hana mu runtsawa dare guda cur a ɗakinmu na haya a Yalwawa, har suka kusa jawo mana asarar aikin wata huɗu. Sabo da haka muna roƙo a yi haƙuri da mu, ko da wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, domin za mu bi maganar daki-daki.

Mu huɗu aka haɗa a rukuni guda, aka ce mu rubuta manhaja mai amfani ga jama'a. Muka zaɓi wadda za ta riƙa adana farashin dabino da riɗi da zoɓo, kamar yadda muke jiyo shi a kasuwannin Dutse da Shuwarin, ta kuma fitar da rahoto a ƙarshen kowane wata. Da harshen Python muka rubuta ta. Wannan harshe wani mutumin ƙasar Holan ne mai suna Guido van Rossum ya ƙirƙiro shi, ya fito da shi fili a watan Fabrairu na 1991. Jihar Jigawa kuwa an yanke ta daga Kano ran 27 ga Agusta na shekarar nan, watau Python ya girmi jiharmu da wata shida ke nan, in ana maganar girma.

To, babu mai rubuta manhaja tun daga tushe shi kaɗai. Kowa yana aron abin da wani ya riga ya rubuta ya ajiye a fayil, wanda a nan za mu kira shi kundi. In kana son kundi, sai ka rubuta umurnin import, sa'an nan sunan kundin, watau ka ce a shigo maka da shi. Abin tambaya shi ne, ina Python yake zuwa nema? Yana da wani jeri na wurare da ake kira sys.path, shi yake bi ɗaya bayan ɗaya. A kan gaba akwai jakar da fayil ɗin da ka tayar yake zaune a ciki. Bayanta sai wuraren da mai kwamfuta ya lissafa a cikin PYTHONPATH, in ya lissafa. Sa'an nan rumbun kundayen da suke zuwa tare da harshen kansa, daga ƙarshe kuma wurin da ake sauke kundayen da aka samo daga waje.

Kamar ka aiki yaro ne ka ce ya kira maka Audu, ka ba shi jerin gidaje huɗu. Zai fara da gidan farko, in bai samu ba ya wuce na biyu. Audun da ya fara cin karo da shi, shi zai kawo maka, ba ruwansa da ko shi kake nufi. In ya zaga gidajen duka bai samu ba, sai ya dawo ya ce babu, ko da kuwa Audu yana zaune a gida na biyar, katanga ɗaya tsakaninsu. Wannan "babu" ita ce Python yake rubutawa ModuleNotFoundError, sa'an nan ya tsaya cik.

Abin da ya same mu ke nan. Mun raba aikin jaka biyu a cikin babbar jaka guda. Ɗaya muka sa mata suna lissafi, a cikinta akwai kundin farashi. Ɗayar kuma rahoto, a cikinta akwai fayil mai buga rahoton wata. Duk sa'ad da muka tayar da fayil ɗin rahoto, jakarsa kaɗai Python yake sawa a jerin, maƙwabciyarta ba ta ciki, sabo da haka sai ya ce bai san wani kundin farashi ba. Muka yi abin da dubban ɗalibai suka yi kafinmu, muka ƙara wa yaron gida a jerinsa:

import sys
sys.path.insert(0, "../lissafi")
import farashi

Layin farko ya kawo kundin da jerin yake hannunsa, na biyu ya cusa jakar lissafi a kan gaba, na uku ya shigo da farashi. Aiki ya tashi, muka yi murna.

Murnar ba ta daɗe ba, domin akwai doka. A watan Yuli na 2001 Guido van Rossum da Barry Warsaw sun rubuta wata takarda da ake kira PEP 8, wadda ta tsara ladubban rubutun Python: yawan tazara, tsawon layi, yadda ake raɗa suna, da sauransu. A cikinta an ce dukkan umurnin shigo da kundi su zauna a saman fayil, bayan bayanin gabatarwa, kafin a fara wani aiki. An kuma ce a kasa su kashi uku: na harshen kansa, na waje, sa'an nan na gida. Malaminmu ya ware maki domin tsabtar rubutu, ya ce mu bi da aikinmu ta cikin flake8, watau wata manhaja mai sa ido wadda take karanta rubutunka ta nuna inda ka saɓa. Muna bi da shi sai ta tsaya a layi na uku, ta ba shi lamba E402, ma'ana ga umurnin shigowa ba a saman fayil ba. Layi na biyu aiki ne, duk umurnin shigowar da ya biyo bayansa kuwa ya makara.

Ga shi nan, gaba kura baya siyaki. In mun bar layukan yadda suke, manhaja tana aiki amma mai sa ido yana ƙorafi. In mun mayar da layi na uku sama, mai sa ido ya yi shiru amma manhaja ta mutu. Dalili kuwa shi ne Python daga sama yake karantawa zuwa ƙasa, kowane layi yana zartar da shi a sa'ad da ya iso kansa, har da umurnin shigowa. Ba a ƙara wa yaro gida bayan ya riga ya tafi ya dawo.

Kafin mu tsine wa dokar, ya kamata mu yi mata adalci. Mai girkin kirki takan tara kayan miyarta gabanta kafin ta hura wuta, don kada sai tukunya ta tafasa ta gane babu daddawa. Haka nan in an tara umurnin shigowa a sama, duk wanda ya buɗe fayil zai ga abin da yake dogara a kansa cikin duba ɗaya, in kuma wani kundi ya ɓace, tun a daƙiƙar farko za a sani, ba sai an yi rabin lissafi an rubuta rabin rahoto ba. Wannan hikima ce, mun kuwa yarda da ita. Sai dai a lura da bambanci. Akwai abin da harshen kansa ya wajabta, kamar umurnin da ake kira from __future__, wanda in ba a farkon fayil yake ba Python ba zai ko fara karantawa ba. Maganar E402 ba ta cikin wannan aji. Ladabi ce da mutane suka yarda da ita a tsakaninsu domin sauƙin karatu. PEP 8 da kanta ta faɗi cewa an rubuta ta ne domin rumbun kundayen harshen, ta ce tsarin da wani aiki ya shimfiɗa wa kansa shi ke gaba a cikin wannan aikin, ta kuma yi gargaɗi cewa akwai lokacin da bin doka ido rufe yake ɓata abin da aka kafa ta dominsa. Daɗin daɗawa, manhajar da ta ƙirƙiro lambar E402 a da sunanta pep8, sai a 2016 aka sake mata suna zuwa pycodestyle, bayan van Rossum da kansa ya nemi a yi haka, domin bai so mutane su ɗauki hukuncin inji tamkar shi ne takardar ba.

Mu dai a lokacin ba mu san wannan duka ba. Muka bar ƙorafin yana nan, muna cewa za mu dawo kansa. Ana gobe za mu gabatar da aiki, bayan isha'i, sai ɗayanmu ya ce ya samo wata manhaja mai gyara tsari da kanta, ba sai ka taɓa komai ba. Ya sake ta a kan fayilolinmu duka. Ta daidaita tazara, ta karya dogayen layuka, ta kuma kwashe kowane umurnin shigowa ta kai shi sama, har da namu na uku. Mai sa ido ya duba bai ga laifi ko ɗaya ba. Muka tafa. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ya ce bari a gwada sau ɗaya kafin a kwanta, sai ga jan rubutu: babu kundin farashi. An riga an ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya yi ƙasa da rabi, ga shi canje-canjen da injin ya yi sun fi ɗari, ba mu san wanne ne ya yi kisan ba. Muka bi su ɗaya ɗaya da fitilar waya. Injin bai yi laifi ba, abin da aka gina shi ya yi shi ya yi. Mu ne muka ɗora ginin aikinmu a kan tsarin layi uku, ba mu kuwa rubuta ko kalma ɗaya a gefe da za ta faɗakar da mai zuwa cewa tsarin nan da gangan ne ba.

Bayan an wuce wurin, muka zauna muka bincika yadda wasu suke yi, muka tarar dabaru sun yi yawa, mafi yawansu kuwa na ɓoye laifi ne. Wasu sukan sa layin gyaran hanya a ƙarƙashin if True, watau sharaɗin da kullum gaskiya ne, domin sun gano pycodestyle yana ɗaga wa irin wannan ƙafa. Wasu sukan kai gyaran cikin wani ƙaramin kundi dabam, su shigo da shi da farko, sai layukan duka su zama na shigowa a ido, alhali na farkon yana aiki a ɓoye. Ran da aka jera su bisa abacada, shi ke nan an koma gidan jiya. Wasu kuma sukan tura umurnin shigowa can cikin cikin aiki inda mai sa ido na farko ba ya dubawa, sai wani mai sa idon, Pylint, ya kama su da wata lambar. A ganinmu duk waɗannan sun fi saɓa dokar a fili muni. Wanda ya saɓa a fili, mai karatu yana ganinsa. Wanda ya yi dabara ya rufe bakin inji, ya kuma rufe idon ɗan'uwansa da zai gaji aikin.

Sai daga baya muka gane cewa tambayar da muke yi tun farko karkatacciya ce. Muna tambaya ina za mu sa layin, ba mu tambayi me ya kawo layin cikin fayil ɗin ba. Sanin inda jaka take a kan kwamfuta ba aikin rubutun manhaja ba ne, aikin wanda ya girka ta ne ko wanda ya tayar da ita. Ƙorafin E402 kamar zazzaɓi ne, ciwon yana wani wuri. Layinmu na biyu ma yana da wata illa da ba mu lura ba: ɗigo biyun nan da ke nufin "jakar da ke sama" ana auna su ne daga inda mutum yake tsaye sa'ad da ya ba da umurni, ba daga inda fayil ɗin yake ba. Aiki yana tashi ne kawai don mun saba shiga jakar rahoto kafin mu tayar. Da malami ya tsaya a wata jakar ya gwada, da mun ji kunya ko ba a taɓa layukan ba. Cusa jaka a kan gaba kuma yana da nasa haɗari, irin na Audun da ba shi ake nufi ba. In akwai fayil a cikinta mai suna random.py, alal misali, shi Python zai ɗauka a maimakon na rumbunsa, sai kundayen da ba su san hawa ba su san sauka ba su fara faɗuwa.

Magani mafi arha bai ci mana ko sisi ba. In ka tsaya a babbar jakar da ta haɗa lissafi da rahoto, ka tayar da aikin da python -m rahoto.buga, to babbar jakar ce Python zai sa a kan jerinsa, daga nan yana ganin 'ya'yanta duka biyu. Sai ka rubuta from lissafi import farashi a saman fayil, inda doka take so, layin gyaran hanya kuwa ka share shi. Harafi ɗaya a umurnin tayarwa ya kashe gardamar da ta ci mana dare.

Magani mafi ƙarko shi ne a mai da aikin ƙunshi sosai. Ana rubuta wani ɗan fayil mai suna pyproject.toml, wanda aka shigo da shi tsarin Python ta takardar PEP 518 a 2016, a faɗi sunan aikin da abin da yake bukata, sa'an nan a ba da umurnin pip install -e da ɗigo a bayansa. Daga nan Python ya san gidan aikinka kamar yadda ya san na kowane kundi da aka sauke, ko daga ina ka kira shi, kuma duk gyaran da ka yi yana bayyana nan take. Amma mu faɗi gaskiya, waɗanda suka tsara wannan hanya ba a Yalwawa suke zaune ba. A karon farko pip yakan so ya sauko da kayan gini daga intanet, mai ƙarancin data ko wanda sabis ya guje masa sai ya yi tanadi tun da wuri. Akwai kuma PYTHONPATH, wanda yake fitar da maganar hanya daga cikin rubutu ya mai da ita kan kwamfuta. Yana aiki, sai dai ba ya bin fayil cikin filas. Ka kai aikin wata kwamfutar, sai ka sake saita shi, in ka manta kuwa ka koma wurin yaro da "babu". Masu gwajin manhaja da pytest su ma tun 2022 an ba su wurin rubuta hanya a fayil ɗin saiti.

To, in duk waɗannan sun gagara fa? Yana faruwa. Ma'aikacin da aka ba kwamfutar ofis ba a ba shi izinin girka komai ba, ko fayil ɗin da wata manhaja ce take tayar da shi ba kai ba, ba shi da zaɓi sai ya gyara hanya daga ciki. A nan ra'ayinmu shi ne a saɓa dokar, amma a saɓa ta da rana tsaka. A auna hanyar daga __file__, watau daga mazaunin fayil ɗin kansa, don kada ta dogara ga inda mutum yake tsaye. A rubuta noqa: E402 a ƙarshen layin da abin ya shafa, wanda yake gaya wa mai sa ido cewa an sani, da gangan ne. Lalle a ambaci lambar, domin noqa tsirara tana rufe bakinsa a kan kowane irin laifi a layin, har wanda ba ka sani ba. Sa'an nan a rubuta dalili a sama da harshen mutane, jimla ɗaya ta isa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kashe E402 a aikin gaba ɗaya sabo da fayil guda, kamar a cire ƙofar gida don akuya ɗaya ta samu wucewa. Masu ƙera injunan sa ido ma sun fara sassautawa: Ruff, wanda ya fito a 2022, yana ƙyale gyaran sys.path a tsakanin umurnin shigowa ba tare da ƙorafi ba. Wannan ya nuna sun amince buƙatar tana nan. Bai nuna cewa layin ya daina zama mai rauni ba.

Muna so mu juya ga yayyenmu ma'aikata, domin ku abin ya fi shafa, ko da yake mu muka sha wahalar dare. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 27, lissafin albashi da na taki da na magani kuwa sannu a hankali yana barin manyan littattafai yana komawa kwamfuta. Sau da yawa wanda yake rubuta 'yar manhajar da ofis zai dogara a kanta matashi ne mai bautar ƙasa ko ɗalibin da ya zo koyon aiki. Shekara guda ko wata shida ya tafi. In ya bar layin da ya cusa hanyar jakarsa ta kansa, mai ɗauke da sunansa a kan kwamfutar da ya yi aiki da ita, to ran da aka sauya kwamfuta manhajar ta tsaya, shi kuwa yana Legas ko Fatakwal, lambarsa ma ta canza. Wanda ya gaje shi zai buɗe fayil ya ga layuka uku, bai san ko na biyun ganganci ne ko larura ba. Sabo da haka in za ku karɓi irin wannan aiki daga hannun wani, kada ku tsaya ga ganin yana tashi a kwamfutarsa. Ku ce a kwafe shi a kai wata, a tayar a gabanku. Ku nemi a nuna muku takardar da ta faɗi yadda ake girka shi. In kun ga sys.path a cikin rubutun, ku tambayi dalili, in akwai dalilin kuwa a rubuta shi a wurin kafin mai shi ya karɓi takardar sallama.

Game da namu aikin, mun mai da shi ƙunshi, fayiloli goma sha ɗaya sun rabu da layin gyaran hanya. Saura guda, wanda yake tashi da kansa a ƙarshen wata a kan tsohuwar kwamfutar wani ɗan kasuwar dabino da ya yarda ya gwada mana, inda ba mu so mu girka masa abin da ba za mu iya zuwa gyarawa ba in mun tafi hutu. A wannan fayil layukan uku suna nan yadda suke, da noqa: E402 a gefen na uku, da jimla guda a samansu da Hausa da Turanci mai cewa kada a matsar da su, ga dalili. Malaminmu ya karanta jimlar, bai rage mana maki ba.